Banjo a Bakin Garwashi

Ranar da ƙanena Hamidou ya shigo gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda da wani dogon baƙin akwati, ina tsugune ina gyaran gero. Na ɗaga kai na ce, "Kai kuma gawar wa ka ɗauko mana?" Ko murmushi bai yi ba. Dama tun da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ya rasu dariya ta ƙaurace masa.

Bari in gaya muku yadda muke, don ku san inda abin ya kama mu. Ni Rabi'atu, daga Damagaram na zo umra tun gashina yana baƙi wul, ban koma ba, ba ni da takardar kowa. Fura nake damawa in kai kasuwar Bab Makka in sayar. Duk ranar da aka kama ni, to, an kama ni, na san hanyar gida, na san ƙofar da zan buga. Hamidou ba haka yake ba. Shi da iƙamarsa ya shigo, takardar zama ta hukuma, ya yi shekaru yana auna yadi a shagon wani dattijo. Dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba za su iya da shago ba, rufewa za su yi. Sun dai yi masa mutunci daidai gwargwado: ya nemo wanda zai karɓi kafalarsa kafin iƙamar ta mutu a ƙarshen Rajab, in bai samu ba su buga masa huruj, fita ba dawowa.

Da shi kaɗai ne, da sauƙi. Amma ga matarsa Maha. A nan Jidda aka haife ta, iyayenta mutanenmu ne, kuma duk su biyun a ƙasar nan aka binne su. Zamanta a kan takardar mijinta yake rataye. Nijar kuwa ko a mafarki ba ta taɓa gani ba. Hausa tana ji tsaf, ko gulmarta ka yi a bayan ƙofa za ta kama, amma in za ta amsa sai bakin ya zame ya koma Larabci. Yarinyar da ke kiran sunan mijinta gatsau a gabana, "Ya Hamid, ya Hamid," ita za a kai gaban tsofaffin gidanmu? In na tuna haka, wallahi tausayinta nake ji.

Babu inda Hamidou bai taka ba. Ya bi rumbunan kaya na Kurayyat ɗaya bayan ɗaya, ya bi masu yadi, ya bi masu wankin mota. Kowa ya ce masa insha Allahu, irin insha Allahun da ake faɗa ana duban waya.

Sai ga wannan akwati. Ya buɗe shi a tsakar ɗaki, muka leƙa. Abu ne kamar an ɗauki tiren shayi an dasa masa doguwar sanda, an kewaye shi da ƙugiyoyin ƙarfe masu ƙyalli. Tsirkiya biyar gare shi, huɗu dogaye, ɗaya gajera da ta tsaya a rabin sanda da nata kunnen murɗawa. Fuskarsa kuwa, duk mai ido zai rantse fatar ɗan maraƙi ce, launin ƙasa-ƙasa, har da 'yan jijiyoyi.

"Sunansa banjo, Yaya," in ji shi.

Ga yadda aka yi. Babanmu makaɗin molo ne, Hamidou ya gaji molon, ya zo da shi har Jidda a cikin buhun kayansa. Ranar da suke kwashe kayan shago ya zauna a baya yana ɗan taɓawa don baƙin ciki, sai wani abokin 'ya'yan marigayin ya ji. Thamer sunansa, a Amurka ya yi karatu, yana shirin buɗe gidan cin abinci na gasasshen nama irin na can. Ya tsaya a kan Hamidou yana ta mamaki, wai wannan molon kakan wani abin kiɗa ne da yake mutuwar so, ga ma gajerar tsirkiyar iri ɗaya. Ya taɓa sayen banjo bai koya ba, yana ajiye. Yana son mai kaɗa masa shi a gidan abincin, kiɗan mutanen dutse na Amurka da ake kira bulugiras. Ya tura wa Hamidou wani take guda a waya, ya ce in ya kaɗa shi yadda yake ranar Alhamis ɗin ƙarshen Rajab bayan la'asar, zai karɓi kafalarsa.

Aka kunna mana taken. Tirƙashi! Ni ban ji kiɗa ba, ruwan ƙanƙara na ji a kan rufin kwano. Na ce, "Mutum nawa ke kaɗa wannan?" Ya ce mutum ɗaya ne, da yatsu uku. Na ce, "To Allah ya jiƙanmu."

Masifar farko farata ce. Wai ba a kaɗa wannan kiɗa da yatsa tsirara, sai an sa faratan ƙarfe biyu a manuniya da ta tsakiya, da na roba a babban yatsa. Ya sa su, suka matse shi har kan yatsun ya yi shuɗi. Ya sassauta, gumi ya zo, suka riƙa zamewa. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furata, sai da cokali na kamo shi. In kuma sun zauna, sai su riƙa karce tsirkiya, ƙiii, ƙiii, haƙoran mutum su mutu.

A nan Maha ta shigo maganar. Ta iya Turancin makaranta, sai ta samo wani dandali a waya inda masu wannan kiɗa ke taruwa, yawancinsu tsofaffin Turawa masu farin gemu da ba su da aikin yi. Ta rubuta musu tambaya, suka amsa, ta juya wa mijinta da rabin Larabci rabin Hausa. Wai a lanƙwasa ƙarfen da filaya ya bi siffar yatsa, a ɗan karkata shi ya faɗa wa tsirkiya da faɗinsa ba da gefe ba, kuma a lashi yatsa kafin a sa don ya kama. Na ce, "Babban mutum da gemunsa ya zauna yana lasar yatsa kamar mai shan romo?" Amma ya lasa, kuma suka kama.

Ta biyu ta fi zafi, domin a cikin jininsa take. Hannun molo daga sama yake faɗowa, a doki tsirkiya da bayan farce, babban yatsa ya biyo baya, hannun gaba ɗaya yana lilo. Wannan kuwa an ce hannu ya tsaya cak, ƙaramin yatsa da na zobe su dafa fuskar banjo kada su motsa, sauran ukun su riƙa tsinko tsirkiya bi da bi, babba, manuniya, ta tsakiya, a sake, a sake, ba tsayawa. Sai ya fara daidai, da zarar ya ɗan saki jiki hannun ya tashi sama ya koma kiɗan Baba. Ya tsaya ya doki cinyarsa.

"Yaya, hannun nan ba ya jin magana."

"Tun kana goye yake ganin abu guda, yau ka ce ya manta? Kawo nan."

Na ɗauko salatif na manne masa ƙaramin yatsan a jikin fuskar. Maha ta yi ta dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske, ta tashi ta shiga ɗaki. Haka ya wuni da yatsa a ɗaure, yana tsinka a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Sai maganar sauri. Yana ganin kwanaki na tafiya, sai ya riƙa kora yatsu da ƙarfi, kiɗan ya fito yana ɗingishi, nan gudu, nan tuntuɓe. Tsofaffin waya suka ce ya koma baya ya yi a hankali, ya bi wani abu mai ƙas-ƙas kamar agogo. Aka sa masa a waya, ya ce ƙarar na shiga masa ƙwaƙwalwa, ba ya jin ta a jiki. Wata safiya ina dakan gero sai na ji ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, kada ki tsaya." Ashe taɓaryata yake bi. Daga ranar na zama agogonsa. In daka a hankali ya bi, in ƙara ya ƙara. Na daka geron da ya fi ƙarfin kasuwata, na daka yaji, na daka kuka, da abin dakawa ya ƙare na daka turmi wayam. Maƙwabtan da ke hawan ƙasa da mu suka yi ta bugun silin da sandar tsintsiya, na leƙa taga na ce su yi haƙuri, rai muke nema.

Ga kuma saiti, wanda ya kusa haukata shi. Gajerar tsirkiyar nan, ka murɗa ta ta hau daidai, kafin ka gama bismilla ta sauko. Ashe wani ɗan sukuru ne a kan kunnen ya saki, da bakin wuƙa aka ɗaure shi. Ran nan kuma tsirkiya ɗaya ta tsinke, akwai sababbi a akwatin, sai ya kwance duka biyar lokaci guda kamar yadda ake yi wa molo. Ɗan katakon da ke ɗauke da su, wanda Baba ke kira jaki, ya faɗi ƙasa, domin ba manne yake ba. Ya mayar da shi inda idonsa ya ga dama. Ka taɓa tsirkiya a sake, lafiya lau. Ka danna ta can ƙasan sanda, sai ta yi kukan akuya. Mutumin nan ya wuni yana murɗa kunnuwa yana zufa, ya ce aljanu sun shiga abin. Maha ta tambayo. Wai a auna daga kan sanda zuwa na goma sha biyu cikin 'yan ƙarafan da aka gitta a jikinta, daga nan a sake auna daidai wannan tsawon zuwa kan fuska, nan ne gidan jaki. Mai auna yadi ne fa, ya zaro tef ɗinsa daga aljihu, kafin in juya ya gama. Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa.

Duk wannan ana yi ba ya cin abinci. Idanu sun faɗa, yatsu sun yi kanta sun fashe sun sake yi. Maha kuma ta daina zuwa bakin teku da ƙawayenta, ta daina ma buɗe labule sosai, wai ba ta son ganin garin. Wata rana na same ta ta fito da akwatin tufafi daga ƙarƙashin gado, tana kallonsa ba ta sa komai ba. Na ce, "Mayar da shi, don ubanki, ba inda za ki." Na faɗa da ƙarfi ne don ni ma in ji.

Amma fa kiɗan ya fara fitowa. Wallahi ya fara. Sati na ƙarshe in ya kama taken, sai in ji ƙanƙarar nan ta zubo daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, taɓaryata ma ta kasa bin sa. Abu ɗaya ya rage. Muryar banjon ta dushe. Wanda ke waya yana ƙara ƙal-ƙal, namu yana yi kamar an rufe shi da bargo. Tsofaffin suka ce abu biyu ne: gumi ya kashe tsirkiyoyin, a sa sababbi, sannan a ɗan ƙara ɗaure fuskar da wani ƙaramin makulli ta wajen ƙugiyoyin. Aka zazzage akwati, babu makulli, Thamer ya yar da shi tuntuni. Tsirkiya kuma duk shagon da Maha ta kira babu, sai wani can arewacin gari da ya ce kaya za su iso safiyar Alhamis.

Alhamis ta zo da ruɗuba, wannan danshin teku da ke manna wa mutum riga a baya. Mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, ya zaɓi ranar ya mutu. Bango na zufa, madubi na zufa. Maha ta sa abayarta da sassafe za ta karɓo tsirkiya, ta tsaya a ƙofa ta nuna shi da yatsa.

"Ya Hamid, la tilmas shai. Kada ka taɓa komai sai na dawo."

Ta fita. Ya zauna ya gwada taken. Muryar ta fi kullum mutuwa, ko kuwa tsoro ne ya toshe mana kunne, oho. Ya ƙwanƙwasa fuskar da yatsa, ta amsa dum, dum. Ya dube ni.

"Yaya, fatar nan ta sha ruwa. Ba tsirkiya ba ce. Ki tuna molon Baba da damina."

Na tuna mana. Wane ɗan gidan makaɗa ne bai san wannan ba? In sama ta yi laima fata takan saki, sai a hura garwashi a kasko, a riƙe molo daga sama ana jujjuya shi, ana ƙwanƙwasawa, kana jin muryar tana hawa har ta dawo gidanta. Baba ba ya fita biki da damina sai ya yi haka, masu kalangu ma haka suke yi, kowa haka yake yi. Ba taɓa wani abu ba ne a wurinmu, kamar shanya wanki ne.

"Hura mini gawayi," in ji shi.

Na ɗauko kaskon turaren wuta na hura, garwashi ya yi ja. Ya durƙusa, ya kifa banjon a sama, yana juyawa kamar yadda Baba ke yi, har da karkata kai. Ya ƙwanƙwasa. Dum. Ya juya, ya ƙwanƙwasa. Dum. Muryar ta ƙi hawa.

"Ta sha ruwa da yawa," ya ce, ya ƙara sauke shi kusa.

Warin na fara ji. Ba warin fata ba ne, na san warin fata in ta ji wuta, kamar babbakar kai. Wannan warin bokitin roba ne da aka manta a gefen murhu. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji fuf. Ya birkito shi da sauri. Fuskar ta yamutse ta yi ƙyalli, ƙafar jakin ta nutse ciki, ga rami ya buɗe yana ƙara faɗi a kan idonmu, bakinsa na naɗewa baya. Tsirkiyoyin suka kwanta laƙwas.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamidou bai yi ihu ba, da ma ya yi. Zama ya yi daɓas a ƙasa da abin a cinyarsa, yana shafa gefen ramin da yatsa, robar na manne masa tana ƙona shi bai ma sani ba.

Haka Maha ta same mu, da 'yar ledar tsirkiya a hannu. Ta shaƙi iska, ta ga kasko, ta ga rami. Ledar ta faɗi.

"Esh hada? Esh sawwet? Me ka yi? Bilastik hada, ya Hamid, bilastik! Roba ce!"

"Fata ce," ya ce a hankali, "ga jijiyoyi."

"Zane ne! Zane suka yi mata!" Ta dafe kai da hannu biyu. Ita ta sani tun farko, ta karanta, amma bai taɓa zo mata a rai ba cewa akwai mai hankalin da zai kai abin kiɗa bakin wuta. Mu kuma bai taɓa zo mana ba cewa akwai mai hankalin da zai rufe abin kiɗa da roba. Ta ɗauki butar alwala ta juye wa garwashin, ɗaki ya cika da toka da hayaƙi, ta zube a jikin bango tana kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa.

Ni ba na iya zama in ana kuka, ƙafata ce ke ƙaiƙayi. Na zura takalmi na sauka wurin Latifatu, maƙwabciyarmu mai kiɗan bikin mata. Tana da daf, gangar hannun nan mai faɗi ta fatar akuya. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na ce mata, "Ba ni daf ɗinki mafi girma, yanka shi za mu yi, kada ki tambaye ni." Ta dubi fuskata, ta shiga ta miƙo.

Na jefa masa a gaba na ce, "Tashi! Fata kake so, ga fata. Ɗan wa ye kai?"

Ya tashi. Ya yanke fatar daga katakonta, muka jiƙa ta a ruwan ɗumi har ta yi laushi. Ya kwance ƙugiyoyin nan kaf da filaya, yana gurje musu ƙyalli, ya cire robar da ta ƙone. Ya lanƙwasa wayar rataye riga ta zama zobe, ya naɗe bakin fatar a kai, muka ɗora, ni na ja nan Maha ta ja can, shi yana ɗaurewa. Har aka kira azahar muna fama. Ya auna gidan jaki da tef, ya sa sababbin tsirkiyoyi. Abu ya tsaya, ya yi kama da banjo. Sai dai fatar jiƙe take sharkaf, kuma a irin wannan rana ko hankici ka shanya a soro ba zai bushe ba.

Muka sa ta gaban fanka. La'asar na matsowa, ya ƙwanƙwasa, dum. To ku ji abin da ya fi ci mini rai. Yanzu da ta zama fatar gaske, garwashi ne maganinta. Na sani, shi ma ya sani. Na ce, "Hamidou, in sake hurawa?" Ya dubi kaskon. Maha ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da kaskon ta baza hannuwa.

"Nar la. Wallah la. Wuta a'a."

"'Yar nan, wannan fata ce, ba irin waccan ba."

"La!"

Na juya gare shi, ya sunkuyar da kai. "In ta tsage fa, Yaya? Babu wata." Mutumin da ya gasa fata tun yana ɗan yaro, yau ya kasa. Ban matsa ba, don ni ma a lokacin ban yarda da hannuna ba.

Ya yi wanka ya sa farar riga, ya rufe akwatin. A bakin ƙofa ya ce mana, "In kun hango ni da akwatin nan, an dace, don zai bar mini shi in ci gaba da koyo. In kun gan ni hannu rabbana, to, ya karɓe kayansa." Maha ta gyara masa wuyan riga.

Muka kafa kanmu a taga. Ban kai fura kasuwa ba, ta yi tsami a ƙwarya. Maha na jan carbi, ni ina zagin duk motar da ta tsaya ba shi ba ne. Rana ta yi ja, masu shago suka fara jan ƙofofi don magariba. Sai ga shi ya ɓullo daga kwanar mai burodi, da baƙin akwatin a hannunsa.

Maha ta ƙwalla ƙara. Ta rangaɗa guɗa irin ta matan Jidda, ta rungume ni, ta sake ni, ta leƙa har rabin jikinta a waje tana kiran "Ya Hamid! Mabruk!" Latifatu ta ji daga ƙasa ta amsa da tata guɗar, tagogi suka fara buɗewa.

Ni ban yi guɗa ba. Ni na goya yaron nan, na san tafiyarsa. Ranar da aka binne Baba haka ya dawo daga maƙabarta, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yana kallon yatsun ƙafarsa. Na kama hannun Maha na ce, "Shigo ciki." Ba ta ji ni ba, ta fizge ta ruga ta buɗe ƙofa, tana tsaye a kan bene tana tafi. Muna jin takunsa yana hawowa a hankali. Da ya iso hawan ƙarshe ya ɗago kai, tafin da guɗar suka yanke.

A tsaye ya ba mu labari, bai ko ajiye akwatin ba. Gidan abincin sanyi ƙalau, mukayyif ta ko'ina, iska a bushe. Ya saita, ya lashi yatsu, ya sa farata, ya kama taken. Ya ce yatsunsa ba su taɓa gudu kamar yau ba, ko ɗaya bai kuskure ba. Amma fatar ta fara bushewa a cinyarsa. Tana bushewa tana ɗaurewa, tana ɗaga jaki, tsirkiyoyin na hawa kowace da nata hawan. Kafin ya kai rabi kiɗan ya karkace. Ya tsaya ya saita, ya sake kamawa, ya sake karkacewa. Ya sake. Thamer na zaune ya haɗa hannuwa, yana kallo.

"Bai yi faɗa ba, Yaya. Na gaya masa abin da ya faru da robar, har ya yi dariya, ya ce ma'alesh, wato ba komai. Ya ce hannuna abin mamaki ne. Amma gobe yake buɗewa, ba zai sa abin da bai ji da kunnensa ba a gaban baƙi. Akwai wani ɗan Filifin da ke jira da nasa banjon, shi ya ɗauka." Ya dubi akwatin. "Wannan kuma ya ce in riƙe, kyauta, tunda na sa masa fatar garinmu."

Na ce, "Ka roƙe shi? Ka ce ya ba ka ko wankin kwano?" Ya ce ya roƙa, amma gurbin kafalar mutum ɗaya ya rage wa Thamer.

Aka tayar da sallah a masallacin unguwa, ba wanda ya motsa. Daga ƙasa Latifatu na ta kiran sunana tana tambaya yaushe za a yi walima. Maha ta karɓi akwatin daga hannun mijinta, ta shiga da shi ta jingine a bango. Ta durƙusa ta jawo akwatin tufafin nan daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Sannan ta juyo gare ni, idanunta a bushe, ta yi magana da Hausa zalla, tana ɗora kalma a kan kalma a hankali don kada ta zame.

"Yaya, in mun je, yaya zan gaida tsofaffin gida da safe? Ki koya mini. A tsaye ake yi, ko durƙusawa zan yi?"

Na buɗe baki in ce mata ba inda za ta, kamar yadda na saba. Na fasa. Sai na kama gefen gado na sauke tsofaffin gwiwoyina ƙasa a gabanta, na ce, "Dubi nan. Haka ake yi."